Sunan da Ya Fito a Wayar Kowa

Ranar da Morufu ya ce zai yi wa kwamfutar Baba Agba gyaran da ko a Kanada ba a taɓa yin irinsa ba, lafiyarta ƙalau. Wannan ku riƙe shi tun yanzu. Ni na share falon da safe, na goge mata ƙura da gefen zanina, ta buɗe ido ta yi 'yar ƙararta kamar kullum.

Morufu ƙanin mijina ne, autan Baba Agba. Mu matan gida ba ma kama sunan dangin miji, don haka kada ku kai masa cewa na faɗa. Ya taɓa zama a Ikko, a kasuwar 'yan kwamfuta ta Ikeja, kuma tun da ya dawo Ibadan ba ya amsa kira sai an ce Injiniya. Waɗanda suka gan shi a can sun ce robar bayan waya yake talla a kan tire. Shi kuma ya ce ai a kan tiren ake fara sanin halin na'ura.

Abin da ya tara mu ranar, wansa Kamoru da ke Kanada ne matarsa ta haifi namiji. Ni 'ya'ya mata Allah ya ba ni, to wannan ne jikan Baba namiji na farko. A wurinmu kowane babba yana ba jariri suna, yaro sai ya tashi da sunaye cike da kwando. Amma wanda aka fara faɗa shi ne yake kama shi, kuma har yaron ya yi furfura za a riƙa cewa wane ne ya raɗa masa. Wannan haƙƙin kakan wajen uba ne. Baba ya zaɓi sunan tun ranar haihuwa ya haɗiye abinsa, ko mijina bai faɗa wa ba. Duk saboda surukinsa, Cif Odubela na Ijebu, uban mai jego. Tun ranar bikin Kamoru da Cif ya zo da sa wanda ya fi na Baba tozo, ba su ƙara yi wa juna dariyar gaskiya ba.

Kamoru ya aiko da kwamfutar tun da daɗewa, irin wadda ake ninkewa, da wani ɗan akwatin intanet mai ƙaho biyu, domin unguwarmu a kwari take, waya ba ta samun sabis sai ka hau bakin titi. Komai ya shirya shi daga can, don ranar suna Baba ya raɗa sunan ta cikinta ana ganin juna. Ya ce, "Azaharku ita ce safiyarmu. Ku buɗe, ku danna koren wurin nan, shi ke nan. Kada kowa ya taɓa komai."

An kafa rumfa, an jera kujeru, muna bayan gida muna tuƙa amala, sai ga Injiniya. Farar rigar mai kyamis ya aro, aljihu cike da sukundireba, ga wasu ƙananan abubuwa rataye a wuya kamar layu. Ya kwanta rub da ciki ya gai da Baba, amma hannu ɗaya a sama don kada jakarsa ta taɓa ƙasa.

Ya ce, "Baba, yau ranarka ce. Na ji labari Cif ya sayi allo mai faɗin ƙofar masallaci."

Baba ya gyara hula ya ce, "Na ji."

"To bar shi da faɗinsa. Ni zan wanke wa wannan ciki, in ƙara mata gudu, in buɗe mata hanya daga nan sai Kanada, ba sai ta biya ta Ikko ta shiga cunkoso ba. In ka fito a can, jaririn da kansa sai ya tashi ya gaishe ka."

Na shigo da tiren zuma da gishiri da manja da goro, kayan da ake ɗora wa addu'a. Na ce a hankali, "Ƙaramin maigida, ai Buroda na Kanada ya ce kada a taɓa."

"Iya Sidi, ke da ƙosai kika saba. Na taɓa zuwa na koya miki yadda ake jefa shi a mai?"

"Ka sha zuwa ka koya mini yadda ake cinye shi."

"Baba, ka gani ko? Haka ake raina ilimi a gidan nan."

Baba ya ce in bar shi ya yi aikinsa. Na bar shi, amma na tsaya a bakin ƙofa.

A falon akwai Alhaja Simbi, ƙanwar Cif. A Ibadan take aure, ita ce ta zo a madadin dangin mai jego. Ta ɗaura gwaggwaro wanda sai da ta karkata kafin ta shige ƙofa, ta zauna a kujerar da ta fi kowacce kusa da fanka, tana ɓare gyaɗa tana kallon komai. Ta taga kuma ga Ayanwale mai kalangu, wanda in ba a ba shi abin kaɗawa ba sai ya nemo da kansa.

Injiniya ya buɗe yatsu uku, ya nuna wa kowa su, ya danna maɓallai uku lokaci guda. Wani dogon jeri ya fito a allo, sunaye suna hawa suna sauka.

"Kun ga waɗannan? Duk 'yan zaman banza ne. Sun tare a cikin ƙwaƙwalwarta suna ci suna sha, shi ya sa take nauyi."

Alhaja ta ce, "Ita ta ce maka tana jin nauyi?"

"Alhaja, likita ba ya jiran mara lafiya ya faɗi." Ya kama korarsu ɗaya bayan ɗaya. "Kai, ban san ka ba, fita. Kai ma ban san ubanka ba, fita. Wannan ji sunansa kamar maganin tari, fita."

Ya danna wani, sai komai ya ɓace. Hoton Kamoru da matarsa da ke kan allon ya tafi, koren wurin da aka ce mu danna ya tafi. Baƙi ƙirin, sai 'yar kibiya tana yawo ita kaɗai kamar marainiya.

Alhaja ta ce, "Ina jin ka haɗa da mai gidan ka kora."

"Barci take yi. Wa aka taɓa yi wa allura bai yi barci ba?"

Baba ya sunkuyo. "Morufu, ina ɗana da ke kan gilashin?"

"Yana ciki, Baba, ya shiga ɗaki ne. Bari in kashe in kunna, shi ne babban magani. A Ikeja sai ka shekara kafin a koya maka shi."

Ya kashe ya kunna. Ta taso, amma maimakon hoton sai wani rubutu, da 'yan ɗige-ɗige suna zagaye. Alhaja ta sa tabarau ta karanta. Ta ce, "Ta ce tana sabunta kanta, kada a kashe ta."

"Ni za ta ba umarni?"

"Haka dai ta rubuta."

"Baba, ka ji fa. Yau ta ce kada a kashe ta, gobe sai ta ce a kawo mata shayi. Na'ura tun tana ƙarama ake nuna mata wa ke gaba."

Ya danne maɓallin da babban yatsa, ya riƙe shi kamar mai yanka kaza, har ta yi shiru. Da ya sake kunnawa sai allon gaba ɗaya ya koma shuɗi, da wata fuska a gefe ta turo baki. Ankonmu na ranar kuwa shuɗin leshi ne. Injiniya ya dubi allon, ya dube mu, gumi na bin kunnensa.

Ya ce, "Kun gani? Ta shiga anko."

Ayanwale ya matse kalangu ya kaɗa: ta shiga anko, ta shiga anko. Matan bayan gida suka bar tukwane suka cika taga. Wata ta ce saura gwaggwaro. Wata ta ce a tambaye ta wa ya ɗinka mata, telanta ya fi namu sauri.

Injiniya ya ɗaga hannu. "A yi shiru! Na gano. Ƙwayar cuta ce, kuma ba ta gidan nan ba ce. Wani ne ya shigo da ita a wayarsa." Ya juya a hankali ya tsaida ido kan jakar Alhaja.

Alhaja ta ajiye gyaɗarta. "Morufu, ni kake kallo?"

"Jakar nake kallo, Alhaja."

"Wayar nan ta je Makka ta dawo. Kai iyakarka Ikeja, Ikejar ma bakin kwata."

"Cuta ba ta san Makka ba."

"Na san ka tun kana yawo ba wando kana cin ƙasa. Idan akwai cuta a ɗakin nan, farar riga ta sa."

Baba ya buga sanda ya ce ya isa. Injiniya ya ce dole a ba mara lafiya iska, ya sa aka ja kujerar Alhaja baya, aka ɗora kwamfutar a gaban fanka. Alhaja ta koma lungu tana fifita da murfin kula, na ga yadda ta taune leɓe. Shi kuma ya ce aikin ƙwaƙwalwa yana cin jini, a zubo masa amala da miyar wake, a sa masa ganda.

Yana tsakiyar loma, ba wanda ya taɓa ta, sai kwamfutar ta yi 'yan dabarunta ita kaɗai, ta dawo. Ga Kamoru, ga matarsa, ga koren wuri. Falon ya ɗauki kabbara.

Injiniya ya lashe yatsa. "Na ce muku iska."

Na matso na ce, "To alhamdu lillahi. Ƙaramin maigida, a bar ta haka, an kusa kiran azahar."

"A bar ta? Ai yanzu na gama wanki, saura hanya."

Ya goge hannu a farar rigar mutane, ya leƙa can ƙasan allon, ya danna wani wuri. Wasu ƙananan hotuna suka fito. Ya yi murmushi ya kira Baba.

"Baba, wannan hoton mene ne?"

Baba ya ƙanƙance ido. "Jirgin sama."

"Kanada da me ake zuwa?"

"Da jirgi."

"To ka ga Buroda Kamoru, da duk karatunsa, a ƙasa ya bar ka. Da mota za ka je Kanada?" Ya danna jirgin, jirgin ya yi haske. "Shi ke nan. Ka hau."

Baba ya ji daɗi har ya ce a ƙara wa Injiniya ganda. Amma da aka danna koren wurin, sai ta ce babu intanet. Aka sake dannawa, babu. Daga baya ne aka gaya mini wannan jirgin shi ke toshe mata kunne gaba ɗaya. A lokacin ba wanda ya sani, wanda ya danna ma bai sani ba.

Injiniya ya ce, "Ba laifinta ba ne. Wancan mai ƙahon ne yake baƙin ciki."

Ya sauko da akwatin intanet daga kan kabad. Ya hura shi, ya girgiza shi a kunne kamar kwakwa, ya lanƙwasa ƙahonnin suka kalli gabas, ya ce a'a Kanada yamma take, ya mai da su. Sai ya ga wani ɗan rami a bayansa.

"Iya Sidi, tsinken tsintsiya."

"Me za ka yi da shi?"

"Kunnensa zan sosa."

Na kawo. Ya zura ya danne. Fitilun akwatin duka suka mutu, suka dawo suna ƙifta ido kamar wanda aka tasa daga barci bai san garin da yake ba. Injiniya ya duba wayarsa, ya sake dubawa.

Baba ya ce, "Yaya?"

"Labari mai daɗi, Baba. Ya manta komai. Duk abin da Buroda ya cusa masa ya fita, ya dawo sabo kamar yau aka haife shi. Yanzu kalmar sirri kawai za mu sa masa, wadda ba wanda ya sani, don kada 'yan unguwa su riƙa sha mana intanet."

"To sa."

"Kai ne mai gida, kai za ka bayar. Sunan mahaifiyarka?"

"Duk Ibadan wa bai san Iya Alaro ba?"

"Sunan kakanka?"

"Ayanwale ya kaɗa shi sau nawa tun safe?"

"To Baba, ka nemo wata kalma wadda duk duniya ba ta cikin kowa sai cikinka."

Baba ya dubi Alhaja a lungu, ya dubi taga. Aka fara kiran azahar a masallacin bayanmu. Ya ce, "In na faɗa, akwatin ba zai faɗa wa kowa ba?"

"Baba, ko an ɗora masa wuƙa. Ɗige-ɗige kawai yake nunawa."

Baba ya jawo kunnen Injiniya, ya rufe da hannun babbar rigarsa, ya raɗa masa. Injiniya ya gyaɗa kai kamar alƙali, ya juya wa kowa baya, ya rubuta a wayarsa. Ashe gurbi biyu ne a wurin. Na sama na sunan da akwatin zai riƙa kiran kansa da shi a bainar jama'a, na ƙasa shi ne na sirri. Injiniya ya cika na sama, ya bar na ƙasa fayau, ya danna.

"An gama. An kulle, an jefa makulli a teku."

Maza suka je suka yi salla suka dawo, rumfa ta cika. Kun san baƙi a unguwarmu, kowa ya zauna sai ya ɗaga waya sama yana neman sabis. Ina raba lemo sai na ji wani daga ƙarshen rumfa ya ce, "Kai, wane ne Akinlabi?"

Wata ta ce, "Ni ma ya fito mini. Akinlabi. Ba ya ma neman lamba."

"Na shiga! Wallahi yana da ƙarfi!"

"Allah ya yi wa Akinlabi albarka, ko ɗan wane ne!"

Ayanwale bai san me ake ciki ba, ya dai ji suna mai daɗin kaɗawa, irin na gidan mayaƙa, ma'anarsa jarumi muka haifa. Ya saƙala kalangu ya saki hannu: Akinlabi, Akinlabi. Yara suka kama rawa.

Baba ya fito daga falo, ban san yana da wannan saurin ba. Hula ta faɗi bai waiwaya ba.

"Wa ya faɗa muku? Wa ya faɗa muku sunan jikana?"

Rumfa gaba ɗaya ta juyo ta dube shi. Da Baba ya yi shiru, wallahi da ba wanda ya gane. Shi da kansa ya ji abin da bakinsa ya yi, ya sa hannu ya rufe, amma ina.

Alhaja Simbi ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. Ta ce, "Iya Sidi, bari in ɗan kama ruwa." Bayan gidanmu yana hagu. Ita dama ta yi, ta nufi bakin titi, waya a kunne, gwaggwaro na rangaji.

Baba ya damƙi wuyan farar riga. "Morufu! Ka ce ɗige-ɗige!"

"Baba, tsaya ka ji. Wannan dabara ce ta manya. In ka ɓoye abu, ɓarawo yana nema. In ka ajiye shi a fili, ba wanda zai zaci sirri ne."

"Ga shi ana rawa da shi!"

"Ai kai ka tona, Baba, ni ban ce komai ba."

Sai wayata ta yi ƙara a ƙugu, domin ni ma 'yata ta shigar da ni Akinlabin. Kamoru ne. Ya ce, "Iya Sidi, me ke faruwa? Kowa ya hallara, Cif yana kan allo tun ɗazu. Liman zai tafi aiki, nan ba gida ba ne, ba ya jira. Ba Baba wayar ya faɗi sunan kawai."

Na durƙusa na miƙa wa Baba. Ya dubi 'yar wayata mai fasasshen gilashi.

"Odubela yana kan allo mai faɗin ƙofa, ni in fito a wannan kamar ƙuda? Ka ce wa liman ya jira."

"Baba, don Allah."

Injiniya ya ce, "Saura ƙiris, Baba. Kada ka yarda a rage maka girma."

Kamoru ya ji muryar. Ya ce, "Wane ne wannan? Morufu ne? Wa ya bar Morufu ya..." Baba ya miƙo mini wayar, ya koma falo, rumfa gaba ɗaya ta bi shi.

Yanzu kowa a Ibadan yana da intanet ban da kwamfutar da aka sayi akwatin dominta. Injiniya ya danna kore, babu. Ya ce jama'a ne suka cika hanya, kowa ya sauka daga kan Akinlabi. Ba wanda ya sauka. Wani ma kallon ƙwallo yake yi a bayan labule. Injiniya ya cire farar riga. Ya karanta wani abu ya tofa. Daga nan ya sa hannu biyu ya hau dukan maɓallai gaba ɗaya kamar mai kiɗan ƙwarya.

A cikin dukan ne, Allah da ikonsa, ya taɓa abin da ya kashe jirgin. Kwamfutar ta yi ƙara, ta kama. Amma a cikin dukan ne kuma ya taɓa wani abin, allon ya juye. Ga Kamoru, ga mai jego da jariri, ga liman, ga Cif a nasa gefen, dukansu kai a ƙasa ƙafa a sama.

Baba ya ce, "Innalillahi! Za su yar mini da jika!"

"Kwantar da hankalinka, Baba. Kanada a ƙarƙashin duniya take, haka suke zaune."

"Miƙe mini su!"

Injiniya ya ɗauki kwamfutar ya kifa ta, ya ɗaga sama da hannu biyu kamar jinkar ɗaki. Nan take suka miƙe. Falon ya yi tafi. Abin da bai lissafa ba, idon da take kallonmu da shi ma ya kife. Sai muka ga mai jego ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Liman ya karkata kai gefe. Cif ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allo.

Ya ce, "Kamoru, wane ne wancan yake lilo a silin kamar jemage? Ba surukina Alhaji Raji ba ne? Alhaji, sauko mana, da girmanka."

Liman ya duba agogo ya ce, "Jama'a, mun jira kakan wajen uba har lokaci ya ƙure, na riga na ba kakan wajen uwa dama. Cif, bismilla."

Baba ya yi tsalle. "Tsaya! Ga ni! Akinlabi! Sunansa Akinlabi! Ni na zaɓa!"

Ba wanda ya ko motsa a can. Wani ɗan hoto a ƙasan allon an ja masa jan layi, muryarmu a kulle take. Su dai suna ganin tsoho a kife, ba hula, yana buɗe baki yana rufewa kamar tarwaɗa.

"Morufu, buɗe mini baki!"

"Baba, hannuna biyu a sama suke."

"Wani ya danna!"

Mutum biyar suka kai hannu lokaci guda. Wani ya ƙara haske, wani ya ɗauki hoto.

Cif ya yi gyaran murya. Ya gyara murjanin wuyansa. Ya ɗaga kai sama kamar mai jiran wahayi, ya bar mu muna kallonsa, sannan ya ce, "Wannan yaro, na sa masa suna Akinlabi."

Can suka ɗauki kabbara. Kamoru har da share hawaye. Ya ce, "Cif, wannan ai sunan gidanmu ne, na kakanninmu mayaƙa. Yaya aka yi ya zo maka?"

Cif ya ce, "A mafarki, ɗana. Yanzun nan na ɗan gyangyaɗa."

Daidai nan yatsan wani ya sami jan layin, muryarmu ta buɗe. Amma falon ya mutu, ba abin da ya tafi Kanada sai ƙarar fanka. Alhaja Simbi ta dawo ta karkata ta shigo, ta ja kujerarta gaban fankar ta zauna.

Kamoru ya ce, "Baba, yanzu muna jin ku. Saura naka. Wane suna ka tanadar wa jikanka?"

Baba ya buɗe baki. Tun ranar haihuwa suna ɗaya yake juyawa a cikinsa, bai ajiye na biyu ba. Ya dubi tiren zuma, ya dubi jaririn, wanda ya yi hamma ya dunƙule hannu. Muryar Baba ta fito ƙarama.

"Ni ma... Akinlabi."

Cif ya dafa ƙirji. "Kai, madalla. Allah ya saka da alheri, Alhaji, da ka bi bayana. Ba kowane babba ne zai ga abu mai kyau a hannun wani ya yarda ba."

Liman ya shafa fatiha ya tashi da gudu. Allon ya rufe.

Injiniya ya sauke kwamfutar a hankali, ya miƙe hannuwa, ƙasusuwa suka yi ƙara. Ya juyo ya dubi jama'a yana murmushi.

"To. Hoto ya fito ko bai fito ba? Murya ta je ko ba ta je ba? Ibadan, Ijebu, Kanada, duka suna ɗaya a baki ɗaya. Wannan shi ake kira haɗa netwok. Duk mai biki a gaba, ya same ni bayan an ci abinci."

Ayanwale ma ya rungume kalangunsa.

Baba ya karɓi hularsa daga hannun wani, ya kaɗe ta, ya sa, ya daidaita. Ya naɗe hannun babbar riga na dama, ya naɗe na hagu. Ya ce wa mijina ya tsaya a bakin ƙofa. Sannan ya juyo wurina, da murya mai sanyi irin wadda yake neman ruwan alwala da ita.

"Iya Sidi, 'yata, je ki bayan gida ki miƙo mini muciyar amala."

Ni dai surukina ne ya aike ni, ba na musu da babba. Na je na duba, guda biyu ne a jingine. Na zaɓo masa babbar.